Ƙirga Numfashinsa Kafin Ki Sayi Maganin Tari

Tambayar wannan makon daga unguwar Old Fadama da ke birnin Akra na ƙasar Gana ta zo, daga wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai kusa da kasuwar doya ta Konkomba. Ga abin da ta ce:

"Likita, barka da aiki. Yarona watansa goma. Tun shigowar hunturu yake tari, yau kwana huɗu jikinsa zafi rau, ya ma rage kama nono. Na sayo maganin tari har kwalba biyu a kyamis, babu sauƙi. Uwar mijina ta ce sanyi ne ya shige shi saboda fankar da muke kwana da ita, a gasa masa haƙarƙari a shafa man zafi, in bai faɗa ba a kai shi wurin wanzami. Maƙwabciyata kuwa ta ce limoniya ce. Ni dai na rasa na kamawa, ga shi in na rufe sana'a yini guda ba mu da na cefane. Mece ce limoniya, kuma yaushe ya zama dole in tafi asibiti?"

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ban bari amsarki ta jira fitowar wannan shafi ba, tun ranar da saƙon ya iso na ce ki sauke tukunyar koko ki kai shi asibiti. Jaririn da ya kwana huɗu da tari da zazzaɓi, har ya fara ƙin nono, ya wuce na kyamis. Abin da zan rubuta yanzu naki ne da sauran iyaye na Fadama da Nima da Maamobi da Sabon Zango, waɗanda hunturun bana zai kawo musu irin wannan dare.

Mu fara daga teburin mahauci. Duk wadda ta taɓa sayen kayan ciki ta san huhu: naman nan mara nauyi, mai laushi kamar soso, wanda in an jefa shi a tukunya sai ya taso saman ruwa ya ƙi nutsewa. Iska ce ke ɗaga shi. Maƙogwaro yana sauka cikin ƙirji ya rabu biyu, kowane ɓangare ya yi ta rarrabuwa kamar rassan bishiya, har ya ƙare a wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani. A ƙirjin babban mutum akwai irinsu tsakanin miliyan 300 zuwa 500. Ƙananan jijiyoyin jini sun lulluɓe kowace jaka, kuma bangon da ya raba iska da jini ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba. Ta wannan bango ake musaya. Oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ta tsallaka cikin jini, gurɓatacciyar iskar da jiki ya gama da ita kuma ta fito a fesar. Jajayen ƙwayoyin jini ki ɗauke su kamar kayaye, matan nan masu dakon kaya a kasuwa: su iso huhu da kwano wayam, a ɗora musu oksijin, su kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda, su juyo neman wani kayan.

Limoniya, wadda wasu ke ce wa nimoniya, wasu ciwon haƙarƙari, tana faruwa ne idan ƙwayar cuta ta kutsa har cikin jakunkunan nan. Jiki ya tashi yaƙi da ita, fagen yaƙin ya cika da ruwa da mugunya, wurin iska ya toshe. Likitan Faransa René Laennec, wanda ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a 1816, ya bayyana yadda huhun mai wannan ciwo ke daskarewa ya koma kamar hanta, kuma har yau da wannan kwatanci ake koyar da ɗalibai. Irin wannan huhu in an jefa shi a ruwa nutsewa yake yi. Jini kuwa bai daina zuwa wurin ba. Kayaye na zuwa, motar kaya ba ta iso ba, suna komawa hannu rabbana. Ta haka oksijin ke raguwa a jiki baki ɗaya.

Jiki ba ya zuba ido. Ƙwaƙwalwa na jin ƙarancin sai ta ba da umarnin a ƙara saurin numfashi, zuciya ta ƙara bugu, domin ɓangaren huhun da ya rage lafiya ya yi aikin kowa. Wannan saurin numfashi shi ne alamar farko, kuma shi ne abin da nake so kowace uwa ta iya aunawa, don ya fi tari faɗar gaskiya. Yaro na iya tarin da zai hana maƙwabta barci alhali mura ce kawai. Wani kuma tarinsa kaɗan ne, huhunsa kuwa ya cika.

Yadda ake yi: ki bari yaron ya natsu, ko yana barci, ba yana kuka ko tsotson nono ba. Ki ɗaga rigarsa, ki buɗe agogon wayarki, ki zuba wa cikinsa ido. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Ki ƙirga har minti guda cur, kada ki yi rabi ki ninka, domin numfashin jarirai yakan yi sauri ya tsaya ya sake tashi. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 ko fiye a minti, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa biyar, 40. Waɗannan su ne lambobin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, da su ma'aikatan jinya ke aiki. Ɗanki mai wata goma, iyakarsa 50 ce. In kin samu ya kai haka ko ya haura, ki ɗan jira ki sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, ki ɗauki mayafi, zancen ya ƙare.

Tun rigar na ɗage, ki dubi ƙasan haƙarƙarinsa. Mai lafiya in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Wanda huhunsa ya yi tauri sai ya ja da ƙarfi, kuma da yake ƙashin yaro ɗanye ne, sai ki ga ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a duk ja. Hancinsa na buɗewa yana rufewa, kansa na gyaɗawa tare da numfashin, ko ki ji wani ɗan nishi "ih, ih" duk fitar iska. Ƙin nonon da kika ambata ma daga nan yake, don mai haki ba ya iya haɗa tsotso da numfashi, sai ya zaɓi numfashi. In ya kai ga ba ya iya sha ko kaɗan, ko yana amayar da komai, ko ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, to ko ƙarfe biyun dare ne ba a jiran asuba. A kira 112, in motar asibiti ba za ta iya shiga lungun ba a fito da shi titi a tare tasi. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, zafin jiki kawai, ko sanyin jiki fiye da kima, ya isa dalilin tafiya.

Akwai yaudara guda da ta sha cin rayuka. Yaron da ya kwana yana haki, in gajiya ta ci ƙarfinsa, numfashin kan ragu, ya yi shiru. Mutanen gida su ce alhamdu lillahi ya samu barci. Yaron da ya samu sauƙi yana buɗe ido, yana neman nono, yana kuka da ƙarfi. Shirun da babu waɗannan a cikinsa abin tsoro ne.

Littattafan likitanci da yawa sun ce mai ƙarancin oksijin yakan yi shuɗi. Da farar fata aka rubuta su. A jikinmu sai an duba harshe da dasashi da cikin leɓe, a ga sun yi toka-toka ko sun dushe, kuma kafin a ga haka abin ya yi nisa. Shi ya sa ake amfani da 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa, oksimita, wadda mutane da yawa suka fara gani a lokacin korona, bayan cutar ta shigo Gana a Maris na 2020. Mai lafiya tana nuna 95 zuwa 100. Ƙasa da 90 sai an sa oksijin. Tsakanin nan kuma sai likita ya sa ido. In kin je asibiti ba a maƙala wa yaron ba, ki tambaya cikin ladabi a auna. Sai dai ita ma tana da nata aibi da ya shafe mu kai tsaye. Binciken da likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar a Disamba na 2020 ya duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, aka ɗebi jininsu aka auna. A cikin baƙar fata, kusan 12 cikin 100 ainihin oksijin ɗinsu ƙasa da 88 yake, a cikin farar fata kuwa ba su kai 4 cikin 100 ba. Wato takan ƙara wa mai duhun fata maki. Sanyin hannu da jan farce da baƙin lalle su ma sukan rikita ta. Don haka ni in na'ura ta ce 94, yaro kuwa yana haki ƙirjinsa na lotsawa, yaron nake gaskatawa.

Yanzu maganar Hajiya uwar mijinki. Ban ce ki yi mata gardama ba, kuma abin da ta lura da shi gaskiya ne: ciwon nan ya fi yawa lokacin sanyi. Inda muka rabu shi ne dalili. Fanka ba ta haifar da limoniya, haka ruwan sanyi. Ƙwayoyin cuta ne, wasu bakteriya, babbarsu ita ce ake kira niumokokus, wasu kuma bairos irin na mura mai tsanani, suna tafiya daga mutum zuwa mutum ta tari da atishawa da hannun da aka share majina. Abin da hunturu ke yi shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ya cika iska da ƙura, ya sa a rufe ƙofa da taga a cunkushe a ɗaki guda ana shaƙar numfashin juna. Sa wa yaro rigar sanyi babu laifi. Gashi da tsumma mai zafi kuwa fata kawai yake ƙonawa, ba ya kai wa ga mugunyar da ke cikin huhu. Man zafi a hancin jariri ƙara masa wahala yake. Tsagar wanzami a haƙarƙari, ko cire belu wai don tari, zubar da jinin da yaron ke matuƙar buƙata ne. Na taɓa karɓar yarinya da tsaga jere a ƙirji, an ɓata kwana uku ana jiran tsagar ta yi aiki, ta iso jininta ya yi ƙasa, huhunta ya cika. Mun sha wuya kafin ta tashi. Ki ce wa Hajiya, "Inna, zo mu je tare a auna shi." Tsohuwar da ta ga lambar da idonta, ta ga jikanta ya farfaɗo, gobe ita za ta riƙa kora matan gida asibiti.

Sai abin da ya fi damuna game da unguwarku, wato hayaƙi. Sunan Fadama da kansa Hausa ne, kuma ya faɗi gaskiyar wurin: ƙasa ce mai danshi a bakin kogin Odaw da tafkin Korle, aka cike ta aka kafa ɗakunan katako. Ƙidayar da mazauna suka yi a 2009 ta samu kusan mutum 80,000 a fili mai hekta 31. Ɗaki guda kan ɗauki kayaye goma ko fiye, da jariransu. Shekara da shekaru ana ƙona wayoyin lantarki a filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie don ciro tagulla, baƙin hayaƙin na sauka kan rufin mutane. Gwamnati ta rushe filin 'yan gwangwan a Yuli na 2021, amma sana'ar watsuwa ta yi, ba mutuwa ba. Ga ƙona shara, ga hayaƙin motocin haya na trotro da manyan motocin doya, ga na murhu.

A cikin hanyoyin iska akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ke share datti da ƙwayoyin cuta suna turo su sama, dare da rana. Hayaƙi yana kashe musu jiki. Shara in ta tsaya, ƙwayar da a da za a koro sai ta samu hanya ta gangara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a gida yana kusan ninka haɗarin ciwon huhu ga yara, kuma kashi 44 cikin 100 na mace-macen limoniya a ƙasa da shekara biyar suna da nasaba da shi. Ki tuna kanki da asuba, kin duƙa kina fifita wuta, yaro na goye a bayanki, kansa a daidai inda hayaƙin ke tashi. Yana numfashi fiye da naki sau biyu, yana shaƙar fiye da rabonsa.

Ba na son halin wasu masana da ke ce wa talaka ya koma girki da gas kamar a bakin titi ake tsintar tukunyar. Wadda ke da hali ta koma, ya fi. Tsabtace iskar Fadama kuwa nauyin hukumar birnin Akra ne da gwamnati, ba na mai koko ba, kuma ba su sauke shi ba. Amma akwai abin da ke hannunki ba tare da kashe ko sidi ɗaya ba. Lokacin hura wuta, wanda shi ne lokacin da hayaƙi ya fi yawa, ki sauke goyon ki ba wani ya riƙe a ɓangaren da iska ke tahowa. Gawayi a kunna shi a waje sai ya yi ja. Kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa don jin ɗumi: garwashi na fitar da wata iska mara wari mara launi da ke kama jajayen ƙwayoyin jini ta hana su ɗaukar oksijin, mutane su kwanta ba su tashi ba, kuma oksimita ba ta gane ta. Gidan sauro ya fi maganin sauro na kunnawa. Turaren wuta, na san wannan ba za ta yi wa mata daɗi ba, a yi shi yaro ba ya ɗakin, a buɗe taga ya fita kafin a dawo da shi. Maigida mai shan taba ya fita waje da ita.

In kun isa asibiti, abin da za a yi ya danganta da abin da aka gani. Daga Fadama, asibitin yara na Princess Marie Louise, wanda ke aiki tun 1926, yana tsakiyar gari ba nisa da kasuwar Makola. Ga asibitin Ussher, ga Korle Bu a ƙetaren tafki. Mutanen Nima da Maamobi suna da babban asibitin Maamobi, ga asibitocin 37 da Ridge in abin ya yi tsanani. Kada ki zauna a ƙarshen layi kina kunya. Ki je wurin nas ki ce yaron yana numfashi kaza a minti, ƙirjinsa na lotsawa, ba ya kama nono. Mai irin wannan alama ba ya bin layi. In Turanci ko Twi na ba ki wuya, ki tafi da wanda zai yi miki tafinta. Za a iya gwada jininsa don zazzaɓin cizon sauro, kuma daidai ne, sai dai ki sani yaro na iya ɗauke da biyun a lokaci guda. Yawan ɗaukar kowane zafin jiki a matsayin maleriya ya sa limoniya ta sha ɓuya a bayanta.

Limoniyar da ba ta yi tsanani ba, amoksisilin ke maganinta, magani mai araha, akwai wanda ake narkawa a ruwa ko nono domin yara. Za ki ce to me ya hana in saya a kyamis? Yawan da ake ba yaro da nauyinsa ake auna shi, kuma wani yaron ba shi yake buƙata ba, allura da oksijin yake buƙata, mai kyamis kuwa bai ga yaron ba balle ya auna. In an rubuta, a shanye kwanakin da aka ce ko da ya warke a rana ta biyu, kada a ajiye ragowar domin ƙaninsa. In kwana biyu zuwa uku babu sauƙi, ko ya ƙara tsanani, a koma. Maganin tari na kwalba kuwa, kuɗinki kawai ya ci. Ba ya taɓa ƙwayar cutar, wani yana sa barcin da ke ɓoye alamun haɗari, kuma tarin da ake son dannewa shi ke fito da majina. A Gambiya a 2022 kimanin yara 70 suka mutu da ciwon ƙoda bayan shan gurɓatattun magungunan tari da mura na ruwa. Yaron da ya haura shekara guda a ba shi zuma da ruwan ɗumi. Wanda bai kai ba, nono ya ishe shi, ba a ba shi zuma.

A ci gaba da ba shi nono da abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Amma ban da ɗura. Toshe wa yaro hanci a kwarara masa koko yana kuka, hanya ce ta tura kokon cikin huhu, kuma wannan kansa limoniya yake haifarwa. Haka yaron da ya sha kananzir da aka zuba a gorar ruwa: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a kai shi asibiti yadda yake.

In aka ce za a sa masa oksijin, kada gabanki ya faɗi. Na san abin da ake faɗa a zango, wai wanda aka sa wa robar hanci sai dai a fara shirin likkafani. Abin da ya haifar da wannan zance shi ne ana kai marasa lafiya a makare, mutane su ga an sa robar, su ga an rasu, su ɗora laifin a kanta. Oksijin iskar da kike shaƙa ce aka tace. Aikinta ta riƙe ƙwaƙwalwa da zuciya kwanakin da magani ke buƙata kafin ya share huhu. Na ga iyaye suna zare ta da dare in nas ta juya baya. Don Allah a bar ta.

Batun kuɗi kuma, inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa a 2003, tana ɗaukar nauyin jinyar limoniya, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#. A sabunta tun ana lafiya. Cinikin yini guda da kike tsoron rasawa bai kai na mako biyu a gadon asibiti ba.

Manya ma ba su tsira ba, kuma maza sun fi taurin kai. Saurayin da ke fasa ƙarfe ko ƙona waya, ya ji rawar sanyi, zazzaɓi, suka a gefen ƙirji duk jan numfashi, kaki mai launin tsatsa, sai ya haɗiyi tramadol ya koma aiki. Ƙwayar ta danne zafin, ta kuma rage ƙarfin numfashin da yake buƙata. Babban mutum yana numfashi 12 zuwa 20 a minti. In ya kai 30 yana zaune, ko ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, asibiti ne. Tsofaffi kuwa wani lokaci ba zazzaɓi ba tari, sai dai a ga Baba ya rikice, yana sambatu, ya ƙi abinci, a ce tsufa ne ko iska. A ƙirga numfashinsa. Mai ciwon suga, mai cutar ƙanjamau, da mai sikila sun fi kowa haɗari. Mai sikila in ya ji ciwon ƙirji da zazzaɓi, ko awa ɗaya kada ya ƙara a gida. Tarin da ya kai mako biyu, da rama da gumin dare, ko da jini, a nemi gwajin tarin fuka. Gwajin da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana warkewa in an sha na wata shida. Akwai kuma iyayenmu mata da ba su taɓa kai taba baki ba amma huhunsu kamar na mashayi, saboda shekara talatin a bakin murhun waken sayarwa ko tuwon zafi. Su ba ruwa ne ya cika jakunkunan ba, hanyoyin iskar ne suka tsuke, shi ya sa hawa mataki uku ke sa su haki. Ba ya warkewa sarai, amma akwai maganin shaƙa da ke sauƙaƙawa, kuma mura kaɗan kan kayar da su.

A 2019 limoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya, kashi 14 cikin 100 na duk mace-macen yara masu wannan shekaru. Gana ba ta zauna ba: a Afrilu na 2012 ta shigo da rigakafin niumokokus tare da na gudawar rota a lokaci guda, ita ce ta farko a Afirka da ta yi haka. Ana yin ta a wurin awo, kyauta, a mako 6 da 10 da 14, tare da allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ke kare tarin shiƙa da wata ƙwayar limoniyar. Ta ƙyanda a wata 9 da wata 18, ita ma kariya ce, don ƙyanda ta huhu take yawan kisa. Rigakafin ba ta rufe kowace ƙofa ba, wanda aka yi wa yana iya kamuwa da wata ƙwayar, amma ta rufe mafi muni. Nono zalla wata shida, ba ruwa ba rubutu ba jiƙo, shi ma rigakafi ne. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Tamale ko Walewale ko Yendi suka bar littafin awo a gida, su je asibitin da ya fi kusa a ɗora daga inda aka tsaya, ba a komawa farko.

'Yar'uwa, in kun dawo gida ki rubuto ki gaya mini yadda ya kwana. Sauran iyaye kuma, yau da dare in yara sun yi barci, ku ɗaga rigar ƙaraminku tun yana lafiya, ku buɗe agogon waya ku ƙirga minti guda. Ku koya wa maigida, ku koya wa kaka da yayar da ke goyonsa in kun tafi kasuwa, ku rubuta 60 da 50 da 40 da gawayi a jikin ƙofa.